Ciwon Mantuwar Surukar Eshkobil

Mastura tana tsakar gida tana rage ganyen inabi da almakashi sai ta ji ihu daga ɗakin baƙi, irin wanda mutum ke yi in lantarki ya fizge shi. Ta yar da almakashin ta ruga, tana cewa a ranta yau dai tsohon nan ya taɓa wayar da ta hana shi taɓawa. Ta tarar da mijinta Eshkobil a tsaye gaban tsohon talabijin, hula a hannu, gashin bakinsa sai rawa yake.

"Maman Sanjar, zo ki gani da idonki! Na kayar da ita! Na rantse na kayar da tsohuwar nan!"

Tsohuwar da yake nufi kwamfuta ce, kuma Mastura ce ta haɗa ta da hannunta a ƙarshen zamanin Sobiyet, lokacin tana aiki a sashen gyaran na'urorin awo na wata masana'anta a nan Kokand, ƙasar Uzbekistan. Ɗaya-ɗaya ta riƙa sayo kayan a kasuwar 'yan rediyo ta Tashkent, ta like su da dalma, ta zuba su a akwatin katakon da wani kafinta ya yi mata. Da ta ga ƙwaƙwalwar abin ba ta taka kara ta karya ba, sai ta haɗa wani allo na ƙarin ƙwaƙwalwa ta soka masa a baya, mai ɗauke da aisi takwas, ƙananan sassan lantarki baƙaƙe masu ƙafafu, waɗanda take kira kyankyasai. Da wannan allon ne na'urar ta samu wurin ajiye tunani har ta iya buga shahmat, darar nan ta sarki da waziri da dawakai da giwaye da dakaru. Don ɗansu Sanjar aka yi ta. Sanjar ya girma, ya tafi Koriya neman abinci, ya bar ubansa da ita.

Eshkobil kuwa malamin koyar da tuƙi ne da ya yi ritaya. Shekara talatin da 'yan kai, kullum bayan la'asar sai ya sa kaset, ya jira na'urar ta gama kukan shigar da wasa, ya zauna da butar koren shayi, ta lallasa shi, ya tashi yana zaginta. Shi ya raɗa mata suna Suruka, wai tun da mahaifiyar Mastura ta rasu bai sake samun mai nuna masa iyakarsa cikin ruwan sanyi ba sai wannan akwati.

Mastura ta dubi talabijin. Gaskiya ne, an rutsa sarkin na'urar a lungu, ba gaba ba baya.

"Allah ya sanya alheri," ta ce. Ko faɗa za ta yi da shi, da "ku" take yi, kamar sauran matan garin. "Ba ku dai taɓa komai a bayanta ba ko?"

"Me zan taɓa? Nan na taɓa," ya ce yana ƙwanƙwasa goshinsa.

Washegari ya sake kayar da ita, haka ma kashegarin. Kafin a ce me unguwa ta ɗauka. Mai gurasa ya ji, liman ya ji, Sanjar ma an buga masa waya yana bakin aiki aka ba shi labari tun daga motsin farko. Amma wanda Eshkobil ya fi so ya ji shi ne Nortoji, maƙwabcinsu kuma sa'ansa, tsohon mai kantin magani, gwanin shahmat na unguwar. Shi ma ya taɓa gwada Suruka shekarun baya, ya sha kashi, ya ce hasken talabijin ne ke ɓata masa ido, bai sake komawa ba. Eshkobil ya same shi a gidan shayin Sotvoldi ya yi shela a gaban kowa: ranar Alhamis shi zai ciyar da dattawan unguwa osh, shinkafa da karas da naman rago duk a wuyansa, za a kawo Suruka a yi ta a bainar jama'a.

Da la'asar ɗin ranar Mastura ta ɗauko tiren wake ta zauna bayansa tana tsinta, ido ɗaya a kan talabijin. Da fari wasan lafiya lau, Suruka ta matse shi kamar yadda ta saba. Can da akwatin ya ɗumama, sai ta ɗauki wazirinta ta ajiye a gaban dakaren Eshkobil, kamar mai kai sadaka. Daga nan ta tura doki gaba, ta dawo da shi, ta sake tura shi.

"Baban Sanjar, na'urar nan ba ta da lafiya."

"Ba ta da me?"

"Mantuwa take yi. Tana lissafa wasa ta ajiye a allon nan na baya, in ta dawo ɗauka sai ta tarar da wani abu daban. Wazirin nan ba dabararku ce ta jawo shi ba, ɓatan kai ya yi."

Eshkobil ya juyo gaba ɗaya.

"To madalla! Shekara talatin tana taka ni, lafiyarta ƙalau. Na ɗan ɗaga kai, ta zama majinyaciya. Ke da uwarki da akwatin nan duk jam'iyyarku ɗaya."

"A bar uwata ta huta. Ita da hankalinta ta tafi."

"Na dai faɗa miki, kada hannunki ya kai kan akwatin nan sai bayan Alhamis. Kai, ko bayan Alhamis ɗin ma."

Ya tashi ya ɗauke sukundireban da ke kan taga ya cusa a cikin takalminsa na sanyi, ya fita yana huci, kamar matar da ta yi rayuwarta a gyaran na'ura sukundireba ɗaya ta mallaka.

Mastura tana iya zama da surutun miji, tana iya zama da ciwon gwiwa, amma ba ta iya zama gida ɗaya da abin da ta san ya lalace. Famfo in yana ɗiga a gidan biki sai ta nemi sifana. Saboda haka ranar Laraba da safe, Eshkobil na fita kasuwa sayen kayan osh, ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ta sa tabarau, ta zare allon daga bayan akwatin.

Ta fara da mai sauƙi. Haƙoran allon da ke shiga cikin na'urar sun yi baƙi, ta goge su da robar goge fensir har suka yi ƙyalli. Ta sa mita ta auna wutar da ke shiga, ta same ta daidai. Ta duba bayan allon da gilashin ƙara girma, layi-layi, ko dalma ta tsage wani wuri. Aikin hannunta ne na ƙuruciya, ta tsaya ta ɗan yaba wa kanta, tunda ba mai yi mata.

Ta mayar da allon, ta kunna, ta buga ɗan gajeren umarni: na'urar ta rubuta lamba a kowane gurbi na ƙwaƙwalwar, ta dawo ta karanta, in ta ga saɓani ta faɗa. Aka zagaya, shiru. Aka sake, shiru.

"Munafuka," ta ce. "A gaban likita kin warke ko?"

Ta shiga ɗakin da surukarta ta ainihi, matar Sanjar, ke sauka in sun zo hutu, ta ɗauko na'urar busar da gashi, ta hura wa allon iska mai zafi. Ba a jima ba talabijin ya fara zubo ƙorafi. Ta duba lambobin: duk inda aka samu kuskure, abin da ya ɓace iri ɗaya ne. Kowane kyankyaso cikin takwas ɗin nan ɗigo ɗaya yake riƙewa na kowace lamba, don haka in ɗigo ɗaya ne ke ɓacewa kullum, mai laifi ɗaya ne. Lissafinta ya nuna mata na biyar. Don ta tabbatar, ta tsoma auduga a sifirit ta ɗora masa a baya. Yana yin sanyi ƙorafi ya tsaya cak. Ta ɗauke audugar ta sake hura zafi, ƙorafi ya dawo.

"Kai ne ashe. Kai ka mai da mijina gwani."

Cire shi ne aiki. Ƙafafu goma sha shida, kowace sai an narka dalmarta an zuƙe, ga hannu ba kamar da ba. Sau biyu tana ajiye ƙarfen dalma ta yarfe yatsu. Da ya fito, ba ta like sabo kai tsaye ba, sai ta dasa mazauni, irin wanda ake danna aisi a ciki a kuma zare shi ba tare da wuta ba. Ta zazzage gwangwanin alewar da take tara tsofaffin kaya, ta samo kyankyaso irinsa wanda ya rage tun wancan zamanin, ta danna. Ta kunna, ta hura zafi har katakon ya fara wari. Ko tari na'urar ba ta yi ba. Ta sa kaset ta buga wasa ɗaya da kanta, Suruka ta tattake ta kafin shayinta ya huce. Mastura ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa.

Tana cikin naɗe jarida ta ji ƙofar gida. Ta yi maza ta tura kayan aiki ƙarƙashin katifa ta fito. Eshkobil ne, niƙi-niƙi da buhun shinkafa da jakar karas, ga sabuwar hula a kansa, ko takardar farashi bai cire ba. Ya zube kayan a gindin rumfar inabi ya zauna yana haki. Ta zuba masa shayi, tana neman ta inda za ta fara.

Shi ya riga ta. Yana juya karas ɗaya a hannu, bai dube ta ba.

"Kin san tun muna aji ɗaya Nortoji ke gabana? Karatu shi, kokawa shi. Gashin baki ma nasa ya riga nawa fitowa. Ni kuwa na ƙare rayuwata a kujerar gefe ina taka wa 'ya'yan mutane birki. Gobe dai, sau ɗaya, shi zai zauna a gefe ya kalle ni."

Ya kurɓi shayi, ya ce shinkafar bana ta yi tsada, ya ɗauki buhun ya nufi gidan shayi don ya kai wa Sotvoldi.

Mastura ta koma ɗakin baƙi, ta sa bakin sukundireba ta ɗago lafiyayyen kyankyason, ta naɗe shi a takardar azurfar ganyen shayi ta jefa a aljihun rigarta. Ta danna mai ciwon a mazauninsa. Tun da take ba ta taɓa mayar da ɓarna cikin na'ura da gangan ba, har sai da ta waiga ko wani na kallonta.

"Gobe kawai," ta ce wa akwatin. "Ki yi haƙuri ki yi wauta gobe kawai."

Abin da ba ta sa a lissafi ba shi ne inda za a ajiye na'urar. Alhamis ta zo da rana mai zafi, Sotvoldi kuma ya rasa inda zai jona wuta sai kusa da murhu, tsakanin tukunyar osh da tankin ruwan shayi. Mastura tana gida ba ta sani ba. Tana shara wayarta ta yi ƙara.

"Maman Sanjar." Muryar Eshkobil ce, ƙasa-ƙasa, bayansa kuma ana ta ɓarkewa da dariya. "Ki zo."

"Kun gama da ita?"

"Ki zo, na ce. Da kayan aikinki. Akwai sukundireba a cikin takalmina."

Ta yafa gyale ta fita, ba ta bi ta kan takalmin ba.

Ta tarar da dattawa sun cika gadajen katako, wasu na share hawaye. Sotvoldi ya tarye ta da kasko a hannu yana hayaƙi, ya kunna ganyen da ake turarawa don maganin kambun baka. A garin, "opa" ake liƙa wa sunan mace don girmamawa, "aka" kuma wa na namiji.

"Mastura-opa, gara da kuka zo. Da fari lafiya, Eshkobil-aka ya cinye wazirinta, muka yi tafi. Sai kawai muka ga ta fito da doki na uku. Muna cikin gardamar wannan, ta cinye giwarta da kanta. Yanzu kuma sarkin Eshkobil-aka ya ɓace gaba ɗaya, mun duba ko'ina."

"Har ƙarƙashin tebur liman ya leƙa," in ji wani daga baya.

"Bakin Nortoji ne!" Eshkobil ya daka tsawa. "Tun da ya zauna yake kallonta da idon nan nasa na mai awon guba. Sotvoldi, ƙara mata hayaƙi!"

Nortoji yana kishingiɗe da matashi, siriri, fes da shi, yana ɓare rumman a natse.

"Ni ban ce komai ba. Na dai ce ashe majinyaciya ka samu a kan gado kake ta duka, har da yanka rago. In haka ne, akwai gidan tsofaffi a bayan tasha, ka je ka yi kokawa da su, mu zo mu yi maka tafi."

Dariya ta sake tashi. Mastura ta dubi mijinta, sabuwar hula ta karkace, wuyansa ya yi jawur. Ta dubi Nortoji. Ta ji wani abu ya taso mata wanda ba tausayi ba ne.

"Sotvoldi, kashe hayaƙin nan, ba aljani ba ne. Ku ɗauke ta daga bakin murhu, ko mutum aka ajiye a nan sai ya fito da doki na uku."

Aka matsar da tebur inuwa. Ta kashe wuta, ta zare allon, ta ciro tsinken gashinta ta ɗago kyankyaso na biyar, ta warware takardar azurfa ta danna ɗan'uwansa, ta mayar da allon. Ko kofin shayin da aka zuba mata ba a kai ga miƙo mata ba ta gama.

Eshkobil ya dubi allon, ya dubi mazaunin da bai taɓa gani ba, sabuwar dalma tana ƙyalli a gindinsa, ya dubi aljihunta. Shekara talatin yana kallon bayan akwatin nan. Ya matso ya rage murya.

"Wannan a aljihu kike yawo da shi?"

"Mace ba ta fita hannu rabbana."

"Yaushe kika buɗe ta?"

"Kuna son mu yi wannan maganar a nan, gaban Nortoji?"

Mastura ta juya ta danna kaset, na'urar ta fara kukanta, kowa ya toshe kunne. Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen gado zai ji.

"Nortoji-aka, kun ce majinyaciya ce. To ga ta an sallame ta daga asibiti. An kuma sa ta a inuwa, hasken talabijin ba zai dami idonku ba. Bismillah."

Nortoji ya ce shi bai zo da tabaransa ba. Mutum uku suka miƙo nasu. Ya ce osh zai huce. Sotvoldi ya ce ai shinkafa ba ta ma tsotse ba. Liman da kansa ya janyo masa kujera.

Ba a daɗe ba. Suruka ta shigo masa ta gefen da bai zata ba, ta ɗauke doki, ta ɗauke giwa, ta bi sarkinsa lungu-lungu kamar mai korar kaza. Nortoji ya cire tabarau na aro ya sa wani, bai canza komai ba. Eshkobil kuwa, wanda ɗazu yake neman ƙasa ta tsage ya shige, sai ga shi a tsaye bayan akwatin yana yi mata fifita da sabuwar hula.

"Haka ne, Hajiya! Bi shi! Kun gani ko? 'Yar gidana ce wannan! A ɗakina take kwana! Nortoji, ina gwanintar? Matsa da sarkin mana, ai akwai sauran lungu ɗaya!"

Da aka rutsa sarkin Nortoji, Eshkobil ya zagaya yana karɓar hannu kamar shi ya buga. Wani dattijo ya ce to, tunda ta warke, saura mai gayya ya zauna a ga nasa.

Eshkobil ya gyara hula, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'a, ni na kayar da ita, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, matata shaida ce. Ko ba haka ba, Maman Sanjar?"

"Na ga sarkinta a lungu," in ji Mastura. Iyakar abin da za ta iya rantsewa a kai ke nan.

"Kun ji. To daga yau na yi ritaya. A bar wa yara su ma su gwada. Sotvoldi, a zuba osh!"

Aka ci, aka yi addu'a, aka watse. A hanyar gida shi ya rungumo akwatin, ita ta riƙo wayoyi. Sun kusa ƙofa ya ce, ba tare da ya juyo ba, dalmar da ta yi ta yi kyau, ba a ce hannun tsohuwa ba ne. Ta ce nauyin akwatin ne ke sa shi sambatu, ya kula da dakali.

Ritayar kuwa ta tabbata, bai sake buga wasa ba. Sai dai ranar Asabar bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, Mastura ta buɗe ta ga Nortoji da tabarau biyu a aljihu, wai wucewa yake ya ce bari ya duba wani abu ɗaya da bai gane ba a wasan nan. Tun daga ranar kullum sai ya zo. Shi ke zama gaban talabijin yana shan kashi, Eshkobil na kujerar gefe yana ba shi shawarar banza, in an cinye masa doki ya tafa hannu ya ce ai ya faɗa masa. Inabin rumfa da Mastura ke tanadi don baƙi, su biyun suka ƙarar da shi kafin kaka. Buta ɗaya da take dafawa ta koma biyu, ga gurasa, ga gardama har magariba. Wata rana da hayaniyar ta ishe ta, ta leƙa ta ce musu in ba su rage murya ba za ta koya wa matar Nortoji wasan, ta zo ta zauna a bayansu su biyun. Aka samu sauƙi na kwana biyu.